Shagon Agogo

Kwana tara na yi ina lissafi
a bayan takardar kuɗin wuta:
kuɗin makarantar Rabi'atu a Samaru,
rufin ɗaki da ke yoyo tun bara,
bashin Alhaji Barau da ke bina har cikin barci.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa,
amsa ɗaya ke fitowa: a sayar.
Ni akanta ne, lamba ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ranar Talata Tanimu dillali ya zo da mai saye.
Muka tsaya a Sabon Gari, daura da tashar jirgi,
gaban shagon da Baba ya yi shekara talatin da ɗaya
yana sunkuye kan agogon mutane.
Kwaɗon ya yi tsatsa, da ƙyar ya yarda.

Ban ga komai ba tukuna, duhu ne.
Hanci ne ya riga ido shiga:
man keke, tsohon katako, da ɗan kananzir
da yake wanke ƙananan haƙoran ƙarfe.
Kafin in ƙifta, na koma ɗan shekara bakwai,
ƙafafuna na lilo daga kan benci,
yana cewa, "Sassauta numfashi,
za ka hure mini ƙusa."

Tanimu ya miƙo biro.
Yatsun da suka rattaba hannu sau dubu
suka tsaya cak, kamar jakin da ya hango rami.
Na ce, "Kuɗin ya yi kaɗan."
Mai saye ya ƙara. Na ce, "Ai titi zai biyo nan."
Wa ya gaya mini titi zai biyo? Babu.
Bakina ne ke ɗinka wa hukunci riga
bayan an haife shi tsirara.

Na ba Dakta Jatau labari a Shika,
muna shan shayi a bakin ƙofar asibiti.
Ya ƙwanƙwasa goshinsa da cokali:
"Nan gaba mai lissafi yake zaune.
Amma akwai wata tsohuwa can ciki, kusa da hanyar hanci,
ita ke riƙe da makullin rumbu.
Sau da yawa ta gama yanke magana
kafin a kira shi ya rubuta takarda.
Kar ka raina ta. In babu ita
sai mutum ya wuni bai zaɓi hular sawa ba."

Abin da ya fi damuna, Yaya Uwani.
Ta ce bencin na maƙwabci ne mai faci,
ta ce Baba ba ya barin yara su shiga,
wai sau biyu kacal ya kai ni, ɗaya ma kuka na yi.
To ashe tunawa ma tela ce,
duk zuwa sai ta ƙara aljihu, ta rage hannu?
Na tauye 'yata saboda yini biyu
da na ja su, na ja su, suka zama ƙuruciya guda?

Ban sani ba.
Shagon yana nan. Na ba wani yaro mai gyaran waya haya,
kuɗin bai kai rabin buƙata ba.
Rufi na yoyo, mun tara masa baho.
Barau yana amsa gaisuwata da ƙyar.
Na ɗauko agogon bango ɗaya da ba a zo karɓa ba,
ya tsaya a huɗu saura kwata.

Wasu darare nakan ce gobe zan kira Tanimu.
Da safe sai in baro Kwangila, in ratse ta tasha,
ina ce wa kaina hanyar ta fi sauƙi.